Kunnen Mai Tace Hoto

Duk mai sauraron karatu ko wa'azi a waya ya taɓa cin karo da wannan: ka sa iyafis a kunnuwa biyu, malam ya fara magana, sai ka ji muryarsa a kunnen hagu kaɗai, na dama kuwa ba abin da ke cikinsa sai ƙugin fanka da tarin mutanen sahun gaba. Wani ya cire iyafis ɗin ya hura masa iska, wani ya ɗauka wayarsa ce ta fara lalacewa. Waya lafiyarta ƙalau. Wanda ya haɗa bidiyon ne ya bar kafar sautin da ya kamata ya rufe a buɗe. Gyaran bai kai minti ɗaya ba a hannun wanda ya sani, amma sanin nan shi ne sana'ar, kuma masu shi nake son yabawa, domin sunansu sai can ƙarshen fim yake fitowa, bayan kowa ya miƙe.

Unguwar Yakasai ta Kano na da haƙƙi a wannan zance. Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan bidiyo na Hausa, marigayi Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi, Salisu Galadanci ya ba da umarni. A zamanin kaset, mai haɗa hoto na'urori biyu yake jonawa, ɗaya na juya kaset, ɗaya na ɗauka. In yana son sa kiɗa ko gyara murya, maɓallin da zai danna shafe abin da ke layin sautin yake yi ya ɗora sabo a kai. Abin da ya tafi ya tafi. Kafin a kai 1999, shekarar da sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa, sana'ar ta riga ta tsaya da ƙafafunta, daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, ɗakunan editin suka cika titin Gidan Zu. Yau kuwa yaro mai laftof a ƙaramin shago cikin lungu yana da iko a kan sauti wanda mutanen farko ba su yi mafarkinsa ba. Sai dai yawan iko ya zo da yawan hanyar ɓata aiki.

Abin da mai kallo bai gani ba shi ne, fayil ɗin bidiyo guda yakan zo da kafofin sauti fiye da ɗaya, abin da 'yan sana'ar ke kira canel. Ƙaramar kyamara biyu take ɗauka, hagu da dama. Manyan kyamarorin aiki sukan ɗauki huɗu ko fiye, na'urar naɗar sauti ta daban kuma ta ƙaro nata. Asalin hagu da dama don kunnuwa biyu aka yi su. Wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, shi ya shigar da takardar mallakar dabarar sitiriyo a 1931, da nufin murya ta riƙa fitowa daga ɓangaren da mai maganar yake a allon sinima. Amma mai ɗaukar hoto a Kano ba wannan ne damuwarsa ba. Shi ma'aji biyu ya gani, sai ya zuba abu daban a kowanne: a hagu ya jona ƙaramin makirufon da aka maƙala a wuyan rigar mai magana, ko wayar da ta fito daga miksar mai lasifika, a dama ya bar makirufon jikin kyamara yana kwasar duk abin da ke wurin. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce manhajar editin ba ta san da wannan shiri ba. Ta ga kafa biyu, ta ce sitiriyo ne, ta aika ɗaya kunnen hagu, ɗaya kunnen dama.

Ga yadda gwani yake tarbar irin wannan aiki. A ce bidiyon walimar saukar Alƙur'ani ne na wata Islamiyya a cikin gari, an kawo masa a katin kyamara. Ba ya fara yanka. Ba ya ma kallon hoton tukuna. Zai buɗe zanen sautin, wannan tsaunukan da ke hawa da sauka a ƙasan allo, ya dube su da ido. Kafar da ke da murya mai tsabta ana ganinta: tudu, sarari, tudu, sarari, domin mutum na numfashi tsakanin jimloli. Kafar da ta kwashi hayaniya kuwa kauri ɗaya take tafiya ba yankewa. Sannan ya sa hedifon, ya danna ƙaramin maɓallin nan mai harafin S da ke gefen layin, wanda ke rufe kowa ya bar layi ɗaya yana magana. Ya saurari na farko shi kaɗai, ya saurari na biyu shi kaɗai, ya tsallaka tsakiyar taron ya sake, ya tsallaka ƙarshe ya sake, saboda batirin makirufo na iya mutuwa a tsakiyar jawabi, ko wani ya taka waya ta zare, kafar da ta fara da kyau ta ƙare ba komai. Za ka ji ya miƙa wa yaronsa hedifon yana cewa, "Zo ka ji, wanne ne na Malam?" Yaron ya saurara ya ce, "Oga, na sama ne." Shi kuma ya ce, "To kai shi minti na arba'in ka sake faɗa min." Haka ake koyon aikin, da kunne.

Bayan ya tantance, sai ya gaya wa manhajar gaskiyar abin da ke cikin fayil ɗin. A Adobe Premiere Pro, tun fayil na cikin akwatin ajiya kafin a ja shi kan taimlayin, ana sauya shi daga sitiriyo guda zuwa mono biyu, kowace kafa ta sami layinta, kuma kowacce ta fita ta kunnuwa biyu daidai. A DaVinci Resolve ma akwai wurin da ake yin haka a bayanan kowane guntun hoto. Dalilin yin sa da wuri shi ne, wanda ya bari sai ya yayyanka taron awa uku gunduwa-gunduwa, ya tara wa kansa aikin bin gunduwoyin. Ko a nan ma akwai mafita, domin manhajar na da abin da ke cika dama da sautin hagu, ko hagu da na dama, a ɗora shi kan layin baki ɗaya. Amma gwani ya fi son ya gyara tun daga tushe.

Wani zai ce, to me zai hana a bar duka biyun a buɗe, a haɗa su a tsakiya, ai sautin zai fi ƙarfi? Nan ne ilimin yake, kuma nan ne na fi jin daɗin kallon masu aikin. Sauti tafiya yake yi, ba tsalle ba. A zafin Kano yana cin kimanin mita 350 a daƙiƙa guda. Makirufon da ke wuyan rigar malam yana jin muryar nan take. Na jikin kyamara, in tana nesa da mita 3, sai bayan kusan kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa muryar za ta iso masa. Kunne ba zai ji wannan a matsayin amsa-kuwwa ba, ya yi kaɗan. Abin da zai faru shi ne, in aka haɗa su, wasu sassan muryar za su ƙarfafa juna, wasu su cinye juna, sai ka ji mutum na magana a shaƙe, muryar ta rasa cikarta. Mai sauraro ba zai iya faɗa maka abin da ya lalace ba, zai dai ce sautin bai yi daɗi ba. Ga kuma wani abu: bidiyonmu hotuna 25 ne a daƙiƙa, wato kowane hoto kashi 40 ne cikin 1,000. Tazarar da ke tsakanin makirufon biyu ba ta kai rubu'in hoto ɗaya ba, don haka matsar da layi da hoto guda wuce gona da iri ne. Wanda yake son daidaita su dole ya sauya ma'aunin taimlayin daga na hoto zuwa na sauti, inda daƙiƙa ɗaya ta kasu 48,000, ya buɗa zanen sosai, ya nemi wani kaifin sauti, tafi ko bugun makirufo, ya ja layin a hankali har tudun biyu su hau kan juna. Allon nan da ake tafawa a gaban kyamara a lokeshan, wannan ne babban amfaninsa. Masu ɗaukar biki da ba su da allo, tafi ɗaya da hannu ya wadatar, in sun tuna.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wayar makirufo da aka gyara a wurin mai gyaran rediyo, in aka liƙa silinta biyu a juye, sautin da ta kawo zai zo a kife: inda ɗaya kafar ta tura, ita ja take yi. A hedifon ba lallai ka gane ba, tunda kowane kunne nasa yake ji. Amma ɗimbin masu kallonmu da lasifikar waya suke ji, kuma wayoyi da yawa lasifika ɗaya gare su, dole su haɗe hagu da dama su fitar tare. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suka kama igiya, kowa na ja nasa gefen: igiyar ba ta motsi. Muryar sai ta dushe ko ta ɓace, kiɗa da hayaniya su saura. Edita ya saurari aikinsa a ɗaki ya ji daidai, an ɗora a YouTube, mutane na ta ƙorafin ba sa jin magana. Shi ya sa na ƙwarai ba ya sallamar aiki sai ya maida shi mono ya ji, sai ya tura shi cikin wayarsa ya fita bakin titi ya kunna, inda adaidaita sahu ke wucewa, domin a irin wurin nan za a kalle shi.

To, a ce an zaɓi kafar da ta dace. Ita ma ba a rasa ta da datti. Wutar lantarki a Najeriya karkarwa 50 take yi a daƙiƙa, kuma in aka jona kyamara da miksa a soket daban-daban, ko wayar sauti ta kwanta kan wayar wuta, wannan karkarwar na shiga sautin ta zama wani gunji mai kauri, tare da 'ya'yanta a 100 da 150 da sama. Ana cire shi da siririn tankaɗe da aka saita daidai kan waɗannan lambobi. Sai dai ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a 50. Da an kunna masa kaya mai nauyi sai ya sauka, an kashe ya hau. Don haka tankaɗen da ya yi aiki a minti na biyar na iya kuskurewa a minti na ashirin, dole mutum ya bi shi da kunne. Ƙasan 80 kuwa akan datse baki ɗaya, tunda muryar namiji ma ba kasafai take sauka can ba, abin da ke wurin iska ne da rugugin mota. Wanda ya yi zari ya kai yankan 200, ya zare wa murya ƙirjinta.

Zari shi ne babban abokin gabar wannan aiki, kuma harshenmu ba ya yafe shi. Akwai na'urar da ke rufe layi da zarar sauti ya yi ƙasa, ta buɗe idan ya ɗaga, don kada hayaniya ta fito tsakanin kalmomi. In aka tsananta ta, tana makara wajen buɗewa, sai ta gutsure kaifin ƙ da ts a farkon kalma, ɓ da ɗ su yi laushi. Tana kuma gaggawar rufewa, sai ta datse wutsiyar dogon wasali, alhali a Hausa tsawon wasali da hawa da saukar murya suna cikin abin da ke rarrabe ma'ana. A karatun Alƙur'ani abin ya fi tsanani: madda ce za a yanke wa ɗalibi kafin ya cika ta, gunna ce za ta ɓace, a bar yaro da kuskuren da bai yi ba, a bidiyon da iyayensa za su ajiye har tsufa. Edita mai tsoron Allah ya gwammace ya bar ɗan ƙugin fanka da ya taɓa wannan. Ni ma ina tare da shi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin gwanayen nan shi ne ba sa gogewa. Maɓallin M suke dannawa, layin ya yi shiru, amma yana nan a ƙasa. Sabon shiga ne yake zaɓar kafar da ba ya so ya share ta don taimlayin ya yi fes. Gwani ya san kafar da ya ƙi a yanzu zai neme ta an jima. Malam ya gama jawabi, jama'a sun ɗauki kabbara: makirufon wuyan riga bai ji su ba sai sama-sama, na jikin kyamara ne ya kwashe su. A nan sai edita ya ɗaga layin da ya rufe, a hankali, na daƙiƙa uku ko huɗu, ya sake sauke shi kafin malam ya ci gaba. A biki haka ake yi wa guɗa. Wanda ya goge layin ya kawo taron da ba mutane a cikinsa.

Hawan Sallah ya fi kowane aiki nuna wannan. Hawan Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, ba abin kallo ba ne kaɗai: kakaki ne, algaita ce, tambari ne, kirarin 'yan lifida da na dogarai, kofaton dawaki, ga harbin 'yan bindiga. Sautin dijital na da rufin da ba ya wucewa, kuma duk abin da ya bugi rufin nan ya fashe, ba ya ɗinkuwa yadda yake. Mai ɗaukar da ya san aikinsa yakan saita kafa ta biyu ƙasa da ta farko da kamar desibel 10 ko 12. A mafi yawan lokaci wannan kafar ba ta da amfani, ta yi rauni, a rufe take zama. Amma a daƙiƙar da bindiga ta tashi ta fasa kafa ta farko, ta biyun ce ke riƙe da sautin lafiyayye. Edita ya yanko wannan ɗan guntun ya dasa, ya goge bakin haɗin ta yadda kunne ba zai ji ɗinkin ba.

Haka kuma kowane wuri na da nasa shirun, wanda ba shiru ba ne. Tsakar gida a Yakasai da hantsi akwai injin markaɗe can nesa, akwai karatun allo, akwai kiran mai talla a lungu, katangun da ke kusa da juna suna dawo da komai. In edita ya yanke magana ya bar gurbin wayam, kunne na jin ramin nan take, kamar an kashe na'urar. Shi ya sa a lokeshan na kirki ake roƙon kowa ya yi tsit na rabin minti ko minti guda, a naɗi wurin shi kaɗai, a ba edita ya shimfiɗa a ƙarƙashin duk wani yanka. In ba a naɗa ba, a cikin kafar da aka rufe zai je ya tsinto. Kiran salla kuwa jira ake yi ya ƙare kafin a ci gaba da ɗauka, don girmamawa, kuma don ba ya yankuwa: in ya shiga bayan maganar jarumi bai shiga bayan amsar jaruma ba, haɗin ya tonu.

Wani fagen da wannan ilimi ya zama jari shi ne fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda situdiyon Algaita ya yi fice a kanta a Kano. Fim ɗin sinima na zamani kafa shida yake zuwa da su, tsarin da ake kira 5.1, wanda Dolby ta fara kai na dijital ɗinsa gidajen sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns. Hagu, dama, tsakiya, biyu a baya, da ɗaya ta rugugi. Magana galibi a ta tsakiya take zama. Duk mai son ɗora wani harshe a kan irin wannan fim, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya rufe ta tsakiya, kiɗa da ƙarar mota su tsaya. Amma ta tsakiyan ba magana kaɗai ta ɗauka ba: takun ƙafa, buɗe ƙofa, ajiye kofi, kuka da dariya, har muryar mawaƙi, sau da yawa duk suna ciki. Wanda ya rufe ta ɗungurungum zai ga mutum ya buga ƙofa ba ƙara. Aikin haƙuri ne na buɗewa da rufewa jimla bayan jimla, da cike abin da ya ɓata daga wani wurin. Kuma amon muryar asali yakan tsallaka sauran kafofin, musamman in a babban zaure ake maganar, sai an bi shi an danne.

Yanzu na'ura ta fara iya raba abin da aka riga aka cakuɗa. Kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter kyauta a 2019, mai ware murya daga kiɗa, kuma DaVinci Resolve ta ƙara abin tsame murya daga hayaniya a 2022. Suna ceton aikin da a da sai dai a jefar. Amma in aka murɗa su har ƙarshe, murya kan fito da wani santsi na ƙarfe, baƙaƙe su narke, wurin ya mutu. Waɗanda na ga sun iya amfani da su kaɗan suke murɗawa, sannan su dawo da ɗan asalin sautin a ƙasa. Kuma ba wanda ya iya da zai nemi na'ura ta wanke masa kafar da ta ƙazantu alhali mai tsabta na kwance a gefenta ba a saurara ba.

Abu ɗaya nake fata furodusoshinmu su riƙa nema daga editocinsu, su kuma biya kuɗinsa. A manyan masana'antun fim, in an gama aiki ba fayil ɗaya ake miƙawa ba. Ana fitar da magana daban, kiɗa daban, sauran ƙararraki daban, sannan a haɗa kiɗa da ƙararraki a fayil guda da babu magana a ciki, wanda shi ake ba duk wanda ya sayi izinin fassara. Editocin Kano sun riga sun raba waɗannan layukan a kan taimlayin ɗinsu. Fitar da su daban bai wuce aikin yini guda ba, da ɗan wuri a ma'ajiyar kwamfuta. Shirin da aka ajiye a haka, irin su Daɗin Kowa ko Labarina ko wanda ake ɗauka yau a wani lungu, gobe ana iya ɗora masa Fulatanci don Garwa da Marwa, ko Faransanci, ko Larabci don Sudan, ba tare da an sake neman takun ƙafa ko ɗaya ba.